Ku Biyar a Igiya Ɗaya

Zuwa ga Yaya Ilu, direban Bature mai gina gada, a can duwatsun ƙasar Italiya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ban girma irin wanda ya cancanci mutumin da ya fara taka ƙanƙara a kaf zuriyarmu, ina sanar da kai cewa muna nan lafiya, sai rashin jin ɗuriyarka wata huɗu cur. Wannan ce takardata ta uku. Biyu sun bi ta gidan waya, shiru. Wannan kuwa na miƙa wa jarida, ko wani ma'aikacin kamfaninku zai gani ya isar.

Hoton da ka aiko yana hannuna, na kuma yi masa nazari irin na manyan masana. Dutse ne fari fat, kansa cikin gajimare. Ka rubuta cewa mutanen garin maigidanka suna hawansa ranar hutu, ba farauta ba, ba cigiyar dabba ba, sai don su kai ƙololuwa su ci burodi su sauko. Wannan hikima ta gagari ɗan ilimina. Ka ƙara da cewa an karrama ka da gayyata, za a ɗaure ku biyar a igiya ɗaya, ƙugu da ƙugu, wai don aminci.

Yaya, mu a garinmu Fulatan dangwali muke ce wa wannan, kuma maruƙa ake ɗaurewa.

Ka tuna daminar da rafi ya ɓalle bayan la'asar, ya tarar da maruƙanmu bakwai a dangwali ɗaya. Na ƙarshe ya zame, ya ja na kusa da shi, wancan ma ya ja na gaba. Baffa ya faɗa ruwa har ƙirji, ya yanke igiyar. Huɗu suka tsira. Uku muka tsinto washegari wajen Beli, suna ɗaure da juna. Kai ka kwance su, ranar kuma ba ka ci tuwo ba.

Baffa bai ƙi ukun nan ba, inda hannunsa ya kai nan ya yanka. Shi ya sa nake tambaya: a cikinku wa ke riƙe da wuƙa, kuma kai ne na nawa a igiyar? Sauran mutum huɗun nan garinsu ɗaya, harshensu ɗaya.

Ina da laifin da zan amsa. Da Inna ta tambayi abin da ke hoton, na ce mata tulin auduga ne a kasuwar Turawa, kai ke lura da awo. Ta yi murna, ta sa maka albarka. Shekaranjiya sai ta karɓe shi, ta kai bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ɗanjuma, na tsufa ina kaɗi, ban taɓa ganin auduga mai tsini ba." Ba ta mayar mini da shi ba sai jiya, kuma ba ta sake ambaton sunanka ba.

Duk manyan kalmomina sun ƙare a nan, Yaya. In ba ka hau ba, kada ka hau. In ka hau ka sauko, layi ɗaya ya ishe mu. Motar wasiƙu za ta shigo Rogo ran Juma'a. In ta zo babu rubutun hannunka, zan zauna gaban Inna in gaya mata dutse ne.

Allah Ya riƙe ƙafarka, Ya riƙe ta wanda ke gabanka da ta wanda ke bayanka, Ya maido mana da kai gida. Amin.

Ƙanenka mai jiran Juma'a,
Ɗanjuma