Hannun Kofur Barau

Batsari,
Nuwamba, 1953

Zuwa ga babban aminina Saje Armaya'u, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya gajiya? Mu nan lafiya lau, sai kewa. Turai tana gaishe da maiɗakinka. Ɗiyarmu Lami ta fara tafiya tana dafa bango.

Ƙwallayen golf da ka aiko ta hannun Usaini direba sun iso, Allah ya saka da alheri. Da na kwance ƙunshin sai da na daɗe ina jujjuya su. Sun tuna mini zamanmu na Indiya bayan an gama yaƙi, muna jiran jirgin komowa gida, kana koya mini riƙon sanda a bayan tantin hafsoshi. Yau ga shi kai ne mai kula da filin wasan Turawa a Kaduna, ni kuwa na dawo kan tukubar tsiren ubana.

Amma ban bar wasan ba. Akwai wata saura a bayan dutse, kan hanyar Karare, wadda mai ita ya bari ta huta. Na roƙe shi ya ba ni aro. Na haƙa ramuka, na binne gwangwanin madara a kowane, na baje yashi gauraye da baƙin mai a kewaye, yadda ka ce kuna yi can. Mutanen gari sun sa wa abin suna ƙwallon rami. Da farko sukan taru su yi dariyar ƙato da gemunsa yana bin ɗan farin ƙwallo cikin ƙaya. Yanzu sun gaji, sun bar ni.

Na kuma sami abokin wasa, Malam Badaru, malamin ɗakin shan magani na Safana. Yakan taso ran Asabar a kan kekensa, ya kwana a zaurena, mu ci tuwo, mu wuni a fili ran Lahadi. Tsofaffin sandunan nan da ka ba ni ranar sallama su muke karɓa-karɓa. Mutum ne mai sanyi, bugunsa ba ya nisa, amma kullum iri ɗaya ne.

To, ga damuwata, Saje. Ni nawa bugun ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau in buga ƙwallo ya tafi sak har in ji kamar in yi kirari, gobe in tsaya yadda na tsaya jiya, in ɗaga yadda na ɗaga, ya karkace dama ya faɗa cikin sabara. Da ba haka nake ba, kai shaida ne. Ka ce da bazara akwai ranar da za a bar baƙaƙen fata su yi gasa a filinku, ka kuma ce mu zo. Ina so in zo, amma ba na so in ba ka kunya a gaban mutanenka. Ka rubuto mini abin da zan gyara.

Ka gaishe da duk 'yan bataliyarmu da ke nan.

Naka har kullum,
Kofur Barau


Batsari,
Janairu, 1954

Zuwa ga Saje Armaya'u.

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi, yaya yara? Allah ya sa kuna lafiya kamar yadda muke.

Amsarka ta zo, na sa ta a aljihu har ta fara yagewa. Na bi duk abin da ka ce. Na rage gaggawa wajen ɗaga sanda, na daina ɗago kai kafin ƙwallo ya tashi, na sassauta riƙo. Kullum bayan sallar asuba nakan je fili in yi ta bugu kafin a kai dabbobi mayanka. Sai dai ina jin nauyin gaya maka cewa abin gaba ya yi, ba baya ba.

Makon jiya sanda ta suɓuce daga hannuna na hagu ta tashi sama, saura kaɗan ta sauka a kan ƙwaryar wata Bafillatana mai tallar nono. Na bi ta ina ba ta haƙuri, ita kuwa ko waiwayowa ba ta yi ba. Na zaci makamar ce ta yi santsi, na kai wa baduku ya naɗe mini ita da jar fata. Duk da haka hannun yakan saki a daidai lokacin da sanda za ta haɗu da ƙwallo. Ina jin sanyin bana ne, don yatsuna biyu na ƙarshe sukan yi kamar ba nawa ba.

Bari in ba ka dariya. Ran kasuwa ina juya tsire ina hira da wani mai saye, sai ya nuna hannuna ya tambaye ni ko har da shi a cikin cinikin. Ashe gefen tafina na hagu yana kan garwashi. Ya tashi ya yi ruwa, ni kuwa ban ji komai ba. Kowa ya ce fatar soja ce. Turai kaɗai ba ta yi dariya ba da ta gani.

Wani abin da ya fi damuna shi ne Malam Badaru. Da ya zo ya ga ƙunar, ya wanke ya ɗaure mini, ya yi ta tambayata yaushe yatsun suka fara haka. Tun daga ranar ya canja. Yakan tsaya ya ƙura wa hannuna ido in zan buga, har nasa bugun ya lalace. Hirarsa ta ragu. Lahadin da ta wuce bai zo ba, bai kuma aiko ba. Ina zaton nauyina yake ji, ganin ni na koya masa wasan ga shi yanzu kullum shi ke cinye ni. In haka ne bai san ni ba. Ni murna nake yi masa.

Har yanzu ina nan a kan niyyar zuwa Kaduna. Ko akwai wani irin riƙo da ba ya dogara da hannun hagu sosai? Ka tambayar mini ƙwararrun wurinku.

Wassalam.

Ƙaninka,
Barau


Batsari,
Maris, 1954

Saje,

Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga abin da ba ku zata ba. Ka gafarce ni na daɗe ban rubuto ba. Na sha ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Malam Badaru ya dawo. Da na ɗauko sanduna sai ya ce in bar su, mu je fili haka nan. Ya ja ni bayan dutse inda ba mai ganinmu, ya ce in tuɓe riga. Akwai wani tabo mai haske a bayana, da wani a cinya, da Turai ta daɗe tana shafa wa man shanu muna cewa ƙyasfi ne. Ya ce in rufe ido, in faɗa masa duk inda na ji ya taɓa ni da auduga. Na ji a kafaɗa, na ji a wuya. Daga nan na yi ta jira ya ci gaba. Da na gaji da jira na buɗe ido, sai na tarar audugar tana kan hannuna na hagu, shi kuwa hawaye yake yi.

Ya ce yana zaton kuturta ce.

Saje, ban karɓi maganar da kyau ba. Na ce masa shi ba likita ba ne, mai rabon ƙwaya ne kawai. Na ce a danginmu kaf babu kuturu. Na ce ya hau kekensa kada ya ƙara taka zaurena. Ya ce dai in je Katsina a duba ni, in ƙarya ya yi zai zo tsakiyar kasuwa ya roƙe ni gafara.

Na je. Ba ƙarya ya yi ba.

Ban san yadda labarin ya riga ni dawowa ba, wataƙila wani ne ya gan ni a ƙofar asibitin. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni. Na hura wuta, na jera tsire, na zauna har la'asar. Mutanen da suka shekara suna ci a hannuna suka riƙa gaishe ni daga nesa, gaisuwa mai kyau, suna wucewa. Washegari Sarkin Fawa ya kira ni gidansa, ya yi mini magana mai taushi, ya ce in huta tukuna, ƙanena zai riƙe tukubar. Na gode masa. Me zan ce? Da ni ne mai saye, ni ma da haka zan yi.

A masallaci an ware mini buta. A gida ni na ware wa kaina akushi tun kafin kowa ya nema. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Lami. Takan taho da gudu ta miƙo hannu in ɗauke ta, ni kuwa sai in ɓoye nawa a baya. Tana zaton wasa ne, sai ta zagayo tana nema tana dariya.

Turai ba ta fasa komai ba. Ita ke wanke mini ƙunar nan da ta ƙi warkewa. Amma mahaifinta, Malam Labaran, ya zo daga Yasore, ya daɗe yana magana da ita a ɗaki. Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya yi mini addu'a, bai matso kusa da ni ba.

Ka cire sunana daga gasar. Ka bar na Malam Badaru, ya cancanta. Ka rubuto mini ko da layi biyu ne, Saje. Kai ka ga yadda muka fito daga dajin ƙasar Bama lokacin yaƙi da ƙafafunmu, ka san ni ba rago ba ne, amma wannan karon ina jin tsoro.

Naka,
Barau


Batsari,
Mayu, 1954

Zuwa ga aminina Saje Armaya'u.

Assalamu alaikum. Ina yi maka gaisuwa irin ta zumunci, da fatan kai da maiɗaki da yara kuna lafiya. Yaya zafi? Nan hadari ya fara haɗuwa ta gabas, amma ruwa bai sauka ba tukuna.

Jibi zan tafi asibitin kutare na kusa da Katsina. Likitan ya ce yanzu an sami wata ƙwaya da ke kashe cutar, in mutum ya jure shanta shekara da shekaru. Na tambaye shi yatsuna. Ya ce abin da ya rage za a tsare, wanda ya riga ya mutu kuwa ba ya dawowa. Yanzu biyun nan sun fara lanƙwashewa ciki.

Malam Labaran ya kai magana gaban alƙali yana neman a raba auren. Aka tambayi Turai, ta ce ita ba ta nema ba. Alƙali ya ce a jira shekara a ga yadda magani zai yi, amma kafin nan ta zauna gidan iyayenta saboda yarinya. Ni ma na ce hakan ya fi. Ranar da za su tafi ta daka mini garin fura da yaji mai yawa, ta wanke duk tufafina ta ninke. Na raka su har bayan gari, ina tafe nesa kaɗan da jakin da ya ɗauko kayansu. Lami tana goye tana ta waiwayowa. Shekara tana da tsawo, Saje, kuma a Yasore kowa zai yi ta ba Turai shawara. Ban ɗora mata alkawari ba.

Malam Badaru bai je Kaduna ba. Na aika Safana na ba shi haƙuri, ya zo a ranar da saƙon ya same shi. Da aka kawo mana tuwo daga gidan ƙanena a kwano biyu, ya juye nasa cikin nawa ya sa hannu. Na hana shi, ya ce shi ya san abin da ke kama mutum da abin da ba ya kamawa, in ci abinci kawai.

Mai saurar nan ya aiko cewa bana zai shuka gero a wurin, saboda haka Lahadin da ta wuce muka je wasan ƙarshe. Na ce ni kallo zan yi. Malam Badaru ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure mini hannun hagu a jikin sanda tamau, ya ce in gwada. Na tsaya, na ɗaga a hankali, na sauke. Ƙwallon ya tashi sak, bai karkata ko'ina ba, ya wuce tsamiya ya sauka kan yashi dab da rami. Na sake, ya sake tafiya haka. Duk yinin nan ƙwallo ɗaya bai shiga sabara ba. Abin da na yi wata da watanni ina nema ke nan.

Sai dai ban ji komai ba. Ka san wannan abin da ke biyo sanda ya shigo tafin hannu ya hau har kafaɗa in bugu ya yi daidai, wanda tun kafin ka ɗaga kai ka riga ka san ƙwallo ya tafi. Ashe saboda shi nake wasan ban sani ba. Na tsaya ina kallon ƙwallon a sama kamar wani ne ya buga. Malam Badaru yana ta yaba mini, ni kuwa na ce ya kwance ni. Muka tone gwangwanayen, muka cike ramukan da ƙasa don kada su karya ƙafar jakin mai gona. Sandunan na bar masa.

Saje, tun takardata ta watan Maris ban ji daga gare ka ba. Na tambayi Usaini direba, ya ce hannu da hannu ya ba ka ita, ya kuma gan ka bayan nan kana lafiya. Na gode wa Allah da kake lafiya. Ban riƙe ka da komai ba, kana da ƙananan yara, kuma kowa da irin abin da yake tsoro. Amma na tambayi Malam Badaru, ya tabbatar mini cutar ba ta bin takarda. Wannan ma da hannun dama na rubuta ta, shi lafiyarsa lau. Kana iya karantawa har ƙarshe, kana iya ajiye ta a ɗaki.

In ka ga dama ka amsa, ka aika Safana, Malam Badaru zai kawo mini. In kuma ba ka samu dama ba, na gode da abin da ka koya mini, Allah ya bar zumunci.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara. Ka sa ni a addu'a.

Naka har kullum,
Barau