Kwanakinmu a Cetara

Lahadi, 8 ga Mayu, 2016. Riyad.
Gobe sai Italiya, ni da autata Ikilima. Wata jami'a a Salerno ta ba ta gurbin karatun gyaran tsofaffin gine-gine. Na ce ban yarda ba. Aikin Alhaji zai ƙare baɗi, iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ta ƙare, mu tattara mu koma Kano, da ita. Shi ne ya ce, "Hansai, je ki ga wurin da idonki, sannan ki hana." To zan gani. Na sa yaji a jaka.

Talata, 10 ga Mayu. Cetara.
Sunan garin kamar Bahaushe ne ya rubuta shi, yadda ka karanta haka suke faɗa. Ƙaramin gari ne na masunta, ya manne a jikin dutse, teku a ƙafarsa. Ko'ina matakala. Su tsofaffinsu da wace gwiwa suke hawa? Mai masaukinmu wata dattijuwa ce, Assunta, gajera, ba ta rufe baki. Ikilima ta mayar mata da magana cikin yarensu, tar-tar. Na tsaya ina kallonta. Yaushe ta koya? Wai a waya, a ɗakinta. Ni ina falo ina zaton barci take.

Laraba, 11 ga Mayu.
Lemon tsaminsu ya kai kan jariri. Na ɗauka na roba ne sai da na sa farce.

Alhamis, 12 ga Mayu.
Mun ci abincin rana a wani shago a bakin ruwa. Na sa Ikilima ta tambaya ko da alade ko giya a ciki, ta tambaya, na ce ta sake. Aka kawo taliya fara fat, ba miya, sai mai da tafarnuwa. Na ce yau mun shiga uku. Da na kai loma sai na ji wani ɗanɗano da na sani. Daddawa! Ashe ba ita ba ce. Ƙananan kifi suke jerawa da gishiri a ganga, a danne da dutse, a bar shi ya daɗe, sai a huda gindin gangar, ruwan ya riƙa ɗiga, shi ake zubawa a taliyar. Mai shagon ya kai ni baya na leƙa. Wari kam ba a magana. Ko wa ya fara tunanin cin wannan abu? Haka ma wani zai tambaya game da kalwarmu.
Da muka dawo na ba Assunta yajina ta lasa. Ta yi tari har da hawaye, sannan ta kawo ƙaramar kwalba na zuba mata.

Juma'a, 13 ga Mayu.
Pompei. Garin da dutse mai aman wuta ya binne da toka tun kafin zuwan Musulunci, aka tono shi. Na ga gidan burodi da tandarsa da dutsen niƙa, kai ka ce matar gidan ta fita ɗebo ruwa ne. Na ga siffofin mutanen da tokar ta rufe, wani ya kare fuska da hannu. Innalillahi. Dutsen kuwa yana nan tsaye, mutane na shanya kaya a gindinsa.
Ikilima ta tsaya gaban wani jan bango ta hau yi mini bayanin yadda ake ceto fenti idan danshi ya shiga. Da Larabci ta fara, ta ga ina ɓata, ta koma Hausarta mai tuntuɓe. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka da Hausa ba. Ta ce, "Yumma, badalar Kano fa tana narkewa. Wa yake gyara ta?" Na ce ƙafata na ciwo, kuma gaskiya ne.

Asabar, 14 ga Mayu.
Mun yi faɗa da Ikilima muna cin kifi gasasshe. Na ce mace ita kaɗai a ƙasar da ko kiran salla ba a ji? Ta ajiye cokali. "A Riyad aka haife ni, amma kullum sai an tambaye ni iƙama. A Kano 'ya'yan Gwaggo Bashira suna sa ni magana don su yi dariya. Ina kike so in zauna?" Na ce kusa da ni. Kifin ya huce, ga shi da daɗi.

Litinin, 16 ga Mayu.
Ƙafa ta kumbura, Ikilima ta tafi Salerno ganin malaman ita kaɗai, a jirgin ruwa. Wuni na yi a baranda da carbi. Assunta ta hau da ruwan gishiri mai ɗumi ta sa ƙafata a ciki, tana ta zuba, ina ta cewa "to". Ta nuna mini hoton ɗanta, ta yi nuni da hannu can nesa, ta ɗaga kafaɗa. Wannan kam na gane.
Da la'asar jirgin ya iso. Na hango shuɗin mayafin Ikilima cikin mutane. Ta tsaya ta sayi burodi, ta gaisa da wani tsoho mai ɗinkin raga, ta taho tana kaɗa leda. Sai na lura ban taɓa ganin yarinyar nan tana tafiya a titi ita kaɗai ba. A Riyad daga ƙofa sai motar babanta. Ashe sauri gare ta. Tafiyar mahaifiyata sak.

Lahadi, 22 ga Mayu. Riyad.
Tun daga filin jirgi Alhaji ke tambaya, "To, me kika gani?" Na ce matakala.

Alhamis, 26 ga Mayu.
Na sa Alhaji ya kai ni kasuwar Batha sayen kayan azumi. Ya tsaya gaisawa da mutanensa, ni kuma na shiga wani shago. A can ƙurya na ga rigar sanyi mai kauri, mai hula, irin wadda ruwa ba ya ratsawa. Mai shagon ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, a wannan zafin? Ina za a je?" Na ce Italiya. Bakina ne ya faɗa.
Tana ƙasan akwatina, ba wanda ya gani. Ban ce na yarda ba. Hannun rigar ya ɗan yi wa Ikilima tsawo, gobe zan rage.