Littattafan Albasa na Inna

Daren Asabar, Sabon Gari, Maraɗi

A taron marubuta yau, shugabanmu Malam Isufu ya tambayi littattafan da suka raine mu. Kowa ya dinga jero manyan na Faransanci. Ni na ce ƙananan littattafan yaƙi da jahilci da Inna ke ajewa cikin kwalla a Jiratawa, na dashen albasa da maganin zawo. Aka yi dariya.

Malam Isufu ya ce, "Shi ya sa jimlolinki gajeru, Hadiza, kamar ana korar ki."

Raina ya ɓaci, amma ba zan ƙara musu tsawo ba. Inna na karanta labarina har ƙarshe, yatsa kan layi, ba ta kiran kowa ya taya ta. Shi ma ya kai wa tasa innar nasa labarin, mu gani.