Itatuwan Gidan Iya

Daga Gwadabe, a tsohon gidanmu na fadamar Guri, zuwa ga ƙanena Umara majemi a birnin Hadejia. Gaisuwa da aminci. Ina iyali?

Bayan haka, bana kogi ya ci rabin ƙauye. Kowa ya kwashe ya koma tudu, har liman. Ni kaɗai na rage. Da asuba nakan kira salla, in juya in yi abata.

Itatuwa kuwa ba su san an tashi ba. Kanya ta nuna tana zuba, babu yaron da zai tsinta. Kuka ta yi ganye har na rasa wurin shanya. Tun rasuwar matata Fanna ban san yadda ake cinye abin da gidan nan ke bayarwa ba. Ga tsamiya da kuka na ba Bakari masunci ya kawo maka. Ka turo min yaranka su sha kanya. Wassalam.

*

Daga Umara zuwa ga Yaya Gwadabe. Gaisuwa da ladabi.

Saƙo ya iso, Allah ya saka. Yara kam ba zan turo su cikin ruwa da sauro ba. Yaya, zaman me kake yi? Itace ba ya amsa sallama.

Ina gina ɗaki, azara ta yi wuya a birni. Ka sa a sare min giginyun bayan gida, Bakari ya jawo su ta kogi. Na bar ka lafiya.

*

Daga Gwadabe zuwa ga Umara. Gaisuwa.

Na aiko maka da abin miya, ka aiko min da gatari. Giginyun nan Iya ce ta binne ƙwallonsu tana ɗauke da cikinka, ka manta labarin?

Ruwa ya daɗe tsaye a gidan. Ɗorawa ta mutu, zogale ya ruɓe daga gindi. Kurna da goruba ko a jikinsu. Tsamiya nake ji wa tsoro, ganyenta ya fara rawaya. Kullum ina ɗebo ƙasa a kwando ina yi mata ganuwa. Ba ka zo jana'iza ba, shi ya sa ba ka sani ba: a ranar, ruwa ya rufe maƙabarta, a gindin tsamiyar muka sa Fanna. In na tafi, wa zai tare mata ruwa? Wassalam.

*

Daga Umara zuwa ga Yayana. Gaisuwa da neman gafara.

Wallahi ban sani ba.

Ni ma ga abin da ban faɗa ba. Ɗakin da nake ginawa naka ne. Bakari ya ce ya tarar da kai kwance cikin taɓo, kwando a gefe, ka kasa tashi. Ya ce ka ce masa, "Kada ka gaya wa Umara." Ya gaya min. In da bai biyo ba fa? Fanna addu'a take buƙata, kuma addu'a tana isa daga birni. Ni kuwa ba ni da wani yaya bayanka. Bayan girbi zan zo da kwalekwale, ko ka yi fushi. Allah ya haɗa fuskokinmu.

*

Daga Gwadabe zuwa ga Umara. Aminci.

Na sa an sare mazan giginyun, su ne ba sa 'ya'ya. Ban tsaya na gani ba.

Ka zo da babban kwalekwale. Na tsirar da kanya da kurna da goruba a fasassun tukwane, ka tanadar musu wuri kusa da rijiya. Ƙafata ta ƙi, na daina ɗibar ƙasa. Jiya ruwa ya tsallake ganuwar. Na zauna a gindin tsamiyar har la'asar, na gaya wa Fanna zan tafi.

Wassalam.