Lauyoyi sun ce hoton hannun Babana nasu ne

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, lokacin da aka ba ni ya kusa ƙarewa.

Sana'ata sassaƙa hatimi, irin wanda ake bugawa a takardun ofis da na makaranta, kuma a hannun Babana marigayi na koya. Shagon namu ɗan ƙarami ne, in mutum biyu suka shigo sai na uku ya jira a waje. Bara ƙanwata ta matsa mini har na buɗe shafin intanet. A samansa muka sa hoton hannayen Baba yana riƙe da wuƙar sassaƙa, wanda ita ta ɗauka da wayarta wata biyu kafin rasuwarsa. Fuskarsa ba ta fito ba, don bai yarda da hoto ba, sai da ta lallaɓa shi. Shi ke nan abin da muke da shi.

Shekaranjiya da safe imel ya shigo daga wani kamfanin lauyoyi. Sun ce hoton mallakar wani ne da suke wakilta, na keta haƙƙinsa, kuma in ban amsa cikin kwana uku ba za a rufe shafin a maka ni kotu.

Anti, tsakani da Allah, kafin tsoro ya zo mamaki ne ya fara kama ni. Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin takarda mai kyan wannan ba. Na ƙara girman hatimin da ke ƙasanta har ya cika fuskar kwamfuta, na nemi wurin da hannu ya karkace, ban samu ba. Haruffan da suka zagaye shi sun zauna daram. Na kira mai ɗab'in da ke maƙwabtaka da ni, shi ma ya daɗe yana kallo, ya ce masu irin wannan takarda ba sa wasa. Kuma ta yaya manyan mutane haka suka gano shafin da ni kaina nakan manta da shi? Har wani alfahari na ji, kin ji wauta.

Sun ce in latsa wani shuɗin rubutu in ga hujja. Na latsa, aka nemi kalmar sirrin shafina. Na fara rubutawa ke nan wani shugaban makaranta ya zo karɓar aikinsa, sai na rufe. Daga baya na cire hoton, ban gaya wa kowa ba. Na san ƙanwata ce ta ɗauka, ina wurin, amma takardar ta sa har na fara zargin ƙwaƙwalwata.

Jiya Mama ta ce in buɗe mata shafin ta ga hannun mijinta, kamar yadda takan yi. Na ce intanet ne ba kyau. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, kuma abin yana cina. In ba su kalmar sirrin a wuce wurin?

Mai Hatimi

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah Ya jiƙan Baba. Kada ka ba su komai, 'yan damfara ne. Shugaban makarantar nan ya yi maka rana bai sani ba.

Ban yi maka dariya ba, don idon sana'a ka duba takardar da shi. Amma kai ka fi ni sanin cewa hatimi abin yi ne. Idan mutum ya zo shagonka ya ce ka sassaƙa masa na asibiti, ai sai ka nemi shaida tukuna, don ka san abin da zai iya aikatawa da shi. Na kwamfuta kuwa, kwafo shi ake yi cikin minti ɗaya. Kuma ba su zauna sun zaɓe ka ba, na'ura ce ke tattara adireshi tana aika wa dubban mutane takarda iri guda.

Gaskiya ne ana yin ƙorafin haƙƙin mallaka na ainihi. Wanda ya ɗauko hoton wani a intanet ya liƙa a shafinsa, dole ya cire ko ya nemi izini. Sai dai mai ƙorafin gaskiya yakan faɗi wanda yake wakilta, ya nuna aikin asali, kuma ba ruwansa da kalmar sirrinka. Koma ka duba imel ɗin. Sun ambaci sunanka, ko "mai wannan shafi" suka ce? Adireshin da ya aiko ya yi daidai da sunan kamfanin? Kwana ukun nan kuma an sa su ne don kada ka sami sararin tambayar kowa. In kana son ka tabbatar, nemi kamfanin da kanka, kada ka kira lambar da ke cikin saƙon.

Yau ɗin nan ka canza kalmar sirrin, tunda ka buɗe wancan wurin, ka sa wanda ya iya ya duba maka kwamfutar. Kada ka amsa musu. Ka ce wa ƙanwarka ta adana hoton asali da ranar da ta ɗauka, don a ƙa'ida wanda ya ɗauki hoto shi ke da shi.

Sannan ka mayar da hoton, ka je wurin Mama ka faɗa mata abin da ya faru, ka nemi gafararta. Faɗa za ta yi, na minti biyu. Ka miƙa mata wayar ta kalli hannun mijinta iya son ranta.

Allah Ya tsare ka, Ya sa albarka a sana'ar da Baba ya bar maka.