Firijin Allurar Baba

Ɗorawar Malam, ta Ɗambatta
Lahadi

Yaya Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Furera da yara. Wayoyin garinmu sun zama kwalliya tun da tsadar man dizal ta kashe eriyar sabis, shi ya sa na ba Nababa direba wannan takarda.

Yaya, a tsorace nake. Ƙaramin firijin nan mai aiki da hasken rana, wanda ka haɗa wa Baba don ajiye allurarsa ta ciwon suga, yau kwana goma ke nan ba ya sanyi. Kullum da sassafe idan na zo daga gidana zan yi masa allura, sai in tarar da jar fitila tana ƙiftawa, kwalbar kuwa da ɗumi kamar daga aljihu aka ciro ta. Gab da magariba ma haka. Ba kai ka cika mana baki ba, wai sabon samfuri ne, 'yar rana kaɗan ta ishe shi? To ga rana nan har ta yi yawa, shekaranjiya zafi ya kashe mana kaji biyu.

Baba ba ya rabuwa da moɗa, fitsari ba iyaka, duk ya zabge. Jiya ya dube ni ya kira ni da sunan Goggo Kaltume, wadda ta shekara bakwai a ƙasa. Inna ta shige madafi ta yi ta kuka. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Hafsatu

Bacirawa, Kano
Litinin

Hafsatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Baba da jiki, ina gaida Inna da maigidanki. Takardarki ta tayar mini da hankali ƙwarai.

Abu na farko, ku kai Baba asibiti yau, kada ku jira ni. Allurar da ta kwana goma cikin wannan zafi ba ta da sauran ƙarfi. Ni kuwa muna haɗa na'urorin sanyaya wuri a wani babban kanti, Oga ya ce ba mai motsawa sai Juma'a. Kin san yadda aiki ya zama a bana: ka ɗaga ƙafa, wani ya sa tasa.

Abu na biyu, na haɗa irin firijin nan sun fi arba'in, ko ɗaya bai taɓa ba ni kunya ba. Ki zaga bayan ɗakin Baba, inda na kafa faifan sola a kan ƙafafun ƙarfe. Ki je da tsakar rana, ba da safe ba. Ki duba ko reshe ko wata inuwa na tare shi, domin idan bai sha rana ba, batir ba zai cika ba.

Allah Ya ba Baba lafiya.

Yayanki,
Sama'ilu

Asibitin Ɗambatta
Laraba

Yaya,

Salam. Mun kawo Baba tun daren Litinin. An sa masa ruwa, amma har yanzu bai buɗe ido ba. Likita ya ɗaga kwalbar allurar ya duba, ya girgiza kai, ya ajiye ta ya wuce. Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Jiya da azahar na koma gida ɗauko kaya, na zaga bayan ɗaki kamar yadda ka ce. Yaya, ban ga faifan ba. An shimfiɗa masa buhu, an rufe shi ruf da yankakken tumatir.

Ina tsaye sai ga Inna da faranti. Ta ce, "Kin gani ko? Allon nan na ɗan'uwanki albarka gare shi. Akuya ba ta kaiwa, ƙasa ba ta taɓawa, kwana biyu kauɗa ta bushe ƙarau. Da hantsi in shanya, la'asar in kwashe. Bara da damina lami muka sha, bana kam mahaifinku zai ci miya."

Ka ja mata kunne kada ta taɓa wayoyi, kuma wallahi ba ta taɓa ba. Na sunkuya na hau kwashe tumatirin, na ce mata hadari nake gani. Ta dubi sama fes, ta ce zaman asibiti ya fara taɓa ni.

Ina tsoron Baba ya tafi, ina kuma tsoron ranar da Inna za ta gane. Ka yi mana addu'a.

Hafsatu

Ɗorawar Malam
Alhamis

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika yau da hantsi, an kai shi bayan la'asar. Nababa zai ba ka wannan a tasha kafin ka hau mota.

Inna ta ji ma'aikaciyar jinya tana cewa zafi ne ya lalata allurar. Tun daga lokacin, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta tambaye shi me ya hana firijin sanyi. Da ta matsa mini a gaban mata, na ce kuskure ne a wurin haɗi. Na ɗora maka, Yaya. Maganar har ta kai ƙofar masallaci. Ka yafe mini.

Ta ce ba komai, ba za ta riƙe ka ba, amma tana so ta ji daga bakinka. Tana zaune a tsakar gida tana jira. Ka san abin da za ka faɗa mata kafin ka yi sallama.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Hafsatu