Digiri Saba'in da Uku

Ya ke sanyin idanuna, farin watan ɗakin gwajinmu, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, mai farar rigar da ta fi auduga haske!

Ya yi kumfa! Wallahi ya yi kumfa! Yanzun nan na ɗiga ɗigo ɗaya a ruwan gwaji, sai ga kumfa ta taso fara fat har ta malalo kan tebur. Na daka tsalle, na buge kaina da murfin kabad, ban ma ji zafi ba. Mai shara ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, lafiyarka kuwa?" Na ce, "Iya, yau ko sarki bai kai ni lafiya ba!"

Kin tuna safiyar Talatar nan? Mako bakwai kina fama da hantar saniya, kina niƙa, kina tacewa, kina lallaɓa ta cikin ƙanƙara kamar jaririya, har kika ciro furotin ɗin da duk bincikenki ya rataya a kansa. Kika miƙo mini kwalbar, kika ce in saita injin ruwan ɗumi a kan digiri talatin da bakwai. Sai kika yi murmushi. Haba, tauraruwata, me ya kai ki yi wa mutum murmushi hannunsa na kan inji? Shekara tara ina kula da injunan nan ban taɓa kuskure ba, amma ran nan yatsana ya danna bakwai kafin uku. Saba'in da uku!

Ke kika koya mini cewa furotin doguwar sarƙa ce da ta naɗe kanta wani irin naɗi, kuma a naɗin nan duk aikinsa yake. Zafi ba ya tsinka sarƙar, warware ta kawai yake yi. Komai na nan, amma ba ya iya komai, kamar farin ƙwai da ya sha kasko, ba ya komawa yadda yake. Da muka koma duba injin, kwalbarki ta yi gudaji-gudaji. Kika ɗiga a ruwan gwaji, shiru, ko ƙwayar kumfa babu, alhali kumfar ce shaidar furotin ɗin yana da rai. Ni ma tun ran nan haka nake: hannu na nan, ƙafa na nan, amma duk na warware.

Sai Farfesa ya shigo yana huci, yana tambayar wa ya taɓa injin. Na sunkuyar da kai. Ke kuwa, ba ki ko kalle ni ba, kika ce, "Ni na saita shi, Malam." Ya yi miki faɗa a gaban kowa, ya ɗage ranar kare bincikenki, ni ina tsaye kamar turke. Mako bakwai ke nan ba ki ce mini ko sannu ba, kuma kin yi daidai. Kunya ta ci ni, ta cinye.

Tun washegari na fara haɗa miki wani furotin ɗin. Kullum lokacin cin abincin rana ina kan niƙa da tacewa, ina bin littafinki layi-layi, ina sumbatar rubutunki in ba kowa. Sau biyu ya lalace mini. Mahauci har ya fara tambayata ko ciwon rashin jini nake yi. Ga shi yau ya tashi da ransa, a naɗe tsaf, yana firij a kanta ta biyu, naki ne halak malak.

Gobe ƙarfe tara zan hau ofishin Farfesa in faɗa masa wanda ya danna injin, in roƙe shi ya dawo miki da ranarki. Wataƙila ya kore ni. Ba wannan ke sa ƙirjina bugawa ba, kurciyata. Tambaya ɗaya ce: me ya sa kika rufa mini asiri? Tausayi ne? Ko kuwa abin da nake ji ne ya ɗan taɓa ki ke ma?

In tausayi ne, ɗauki kwalbarki, na gode har abada, ba zan ƙara damunki ba. In ba tausayi ba ne, ki tsaya a gindin matakala ƙarfe tara, ba sai kin ce komai ba. Ni matsoraci ne, kin gani da idonki. Amma in na leƙo na gan ki a wurin, ko da takardar kora a hannuna, da rawa zan sauko.

Naki yau, naki gobe, da aiki ko ba aiki, har numfashina na ƙarshe,

Mai kula da injuna